Idan Jirginka Ya Kafe a Tudun Yashi: Jagora Daga Ruwan Chesapeake

Duk direban da ya taɓa kafewa a yashi ya san abin da ƙafa take yi ba da izinin mai ita ba. Sai ta danne totur. Taya ta yi ta wulwulawa, mota ta ƙara binne kanta. A kan ruwa ma hannu haka yake yi. Jirgi na cikin tafiya sai ka ji ya yi nauyi, kowa ya ɗan tuntsura gaba, kukan inji ya sauya, kafin ka ankara hannunka ya tura totur har ƙarshe. Yawancin ɓarnar da ake yi wa ƙananan jiragen shaƙatawa a ruwa marar zurfi a wannan minti na farko ake yin ta, kuma mai jirgin ne yake yi da hannunsa.

Zan yi maganar ne a kan mashigin tekun Chesapeake, wanda ke tsakanin jihohin Maryland da Virginia a gabashin Amurka, domin can na san abin, can kuma na sha kunyarsa. Tsawon mashigin ya kai mil 200, amma matsakaicin zurfinsa ƙafa 21 ne kacal. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa bai kai ƙafa 6 ba, wato dogon mutum zai iya tsayawa a ciki kansa a waje. Akwai wani rami kusa da tsibirin Kent mai zurfin ƙafa 174, amma wannan ba ya cikin lissafin mai ƙaramin jirgi. Abin da ke gabanka shi ne shimfiɗaɗɗen ruwa mai launin shayi da madara, wanda ido ba ya ganin ƙasansa, inda ƙafa 10 da ƙafa 1 duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa mutanen wurin ke raha cewa wanda bai taɓa kafewa ba bai taɓa barin tasha ba. Sa'ar da ake ci ita ce ƙasan akasari taɓo ne da yashi, ba dutse ba. Jirgi yakan zauna ne, ba kasafai yake fashewa ba.

Abin da ya kamata ka sani tun kana tudu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saba da Neja ko Binuwai ko tafkin Kainji ya san ruwa na ƙaruwa da raguwa bisa damina da rani. Ruwan teku kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake ja, a kowace kwana ɗaya. Daga cika zuwa cika awa 12 ne da minti 25, daga cika zuwa ƙarshen ja kuma awa 6 da 'yan mintoci. Kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50, saboda wata yake bi ba rana ba.

A nan mai lissafin watan Musulunci ya riga ya fi maƙwabcinsa. Ruwa ya fi cika ƙwarai, ya fi ja ƙwarai, a farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 zuwa 16. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa cikar ba ta da ƙarfi, jan ma haka. Ma'anar wannan a aikace: in ka kafe daidai ƙololuwar cika a ranar 16 ga wata, cikar gobe ba za ta kai ta yau ba, ta jibi ba za ta kai ta gobe ba. Mai babban jirgi yana iya zama a wurin kusan mako biyu yana jiran ruwan da ya ɗora shi ya dawo. Mutane na ganin lokacin da ruwa ya cika fal shi ne lokacin ratse da yanke hanya, alhali shi ne mafi munin lokacin kafewa. Wanda ya kafe ruwa na ƙasa, shi teku za ta ɗaga shi kyauta.

Cikar Chesapeake ba ta da yawa. Wajen bakin teku kusa da Norfolk ta kusa ƙafa 3, a Annapolis kimanin ƙafa 1. In aka kwatanta da mashigin Fundy na Kanada, inda ruwa ke tashi har mita 16, wannan wasan yara ne. Amma ƙarancin nan shi ya ba iska iko. Iskar arewa maso yamma in ta kwana biyu tana kaɗawa, sai ta kore ruwan zuwa teku, ka tarar da tashoshi a bushe, jirage zaune a laka, jadawali kuwa yana cewa ruwa ya cika. Iskar kudu akasin haka take yi, tana tara ruwa. Saboda haka ka duba jadawalin cika da ja na NOAA, hukumar Amurka mai lura da teku da yanayi, sa'an nan ka tambayi kanka iskar jiya da shekaranjiya daga ina ta zo.

Ka san zurfin da jirginka ke ci, inji a sauke, mutane da kaya a ciki. Ka kuma san na'urar auna zurfinka daga ina take ƙirgawa, daga saman ruwa ko daga gindin jirgi. Da yawa ba su sani ba sai ranar da na'ura ta nuna ƙafa 2 su kuma suna zaune daram. Lambobin da ke kan taswirar ruwa an auna su ne daga matsakaicin mafi ƙarancin ruwa, kuma wasu awon sun yi shekaru da dama. Yashi ba ya jiran taswira, duk hunturu sai ya yi ƙaura. Mashigai irin su Knapps Narrows da ke tsibirin Tilghman da Kent Narrows sun yi suna wajen cikewa da yashi tsakanin yasa da yasa.

Alamomin hanya kuma: a Amurka in kana shigowa daga babban ruwa zuwa kogi ko tasha, jar alama tana hannun damanka, koriya tana hagu. Ja mai kusurwa uku ce da lambar da ke rabuwa biyu, koriya mai kusurwa huɗu da lamba mara. Wanda ya koyi tuƙi a Legas ko Ingila ya lura, can launukan a juye suke.

Mataki na farko: cire giya

Da ka ji jirgi ya taɓa ƙasa, dawo da totur, saka a furi. Kada ka sa ribas da ƙarfi. Dalili biyu ne. Farfela na iya dukan ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo mai tauri) ko itace ta lanƙwashe. Na biyun ya fi tsada: injin jirgi da ruwan da yake kai yake sanyaya kansa, in kana tayar da laka, lakar zai tsotsa. Yashi ya cinye robar famfon ruwa, inji ya yi zafi, ka wayi gari da matsala biyu maimakon ɗaya. In injinka na rataye a baya ne, ka dubi ɗan siririn ruwan da yake tsartowa. In ya tsaya ko ya koma launin kunu, kashe inji nan take, ka ɗaga shi sama.

Mataki na biyu: mutane, sannan gindin jirgi

Ƙirga mutanenka, ka tabbata ba wanda ya bugu ko ya faɗa. Kowa ya sa rigar ceto, har wanda yake cewa ai ruwan iya gwiwa ne. Taku goma daga inda kuke ana iya samun rami.

Daga nan buɗe murfin daɓe ka leƙa ƙasa. Ruwa na shigowa? Leƙa yanzu, ka sake leƙawa bayan minti biyar. In jirgi ya huje, tudun da ya kafe a kai shi ne gatanka. Kada ka bari kowa ya ja ka zuwa zurfi, domin jirgin da ke zaune a ƙafa 2 ba ya nutsewa. Ka shaƙa kuma ko akwai warin fetur. In akwai, ba ashana, ba taba, ba kunna komai.

Mataki na uku: ruwa zuwa yake yi ko tafiya?

Wannan ce tambayar da komai ya rataya a kanta, kuma a nan zan daɗe.

Duba jadawali, amma kada ka tsaya nan. Dubi turken alama mafi kusa, ko sandunan da masunta ke kafawa. In akwai jiƙaƙƙen wuri sama da bakin ruwa, ruwa ja yake yi. In itacen a bushe yake har inda ruwa ya taɓa, cika yake yi. Dubi ciyawar fadama a gaɓa, haka take nunawa. Dubi 'yan tulunan da ke yawo a kan tarkon kaguwa, ka ga wajen da ruwa ke karkatar da su. In duk babu, soka sanda a ƙasa gefen jirgi, ɗaura tsumma daidai bakin ruwa, ka ba ta minti goma.

Sai lissafin da matuƙa ke kira ƙa'idar kashi goma sha biyu. Ruwa ba ya tafiya da gudu ɗaya cikin awa shidan nan. A awa ta farko kashi 1 cikin 12 yake motsawa, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar 2, ta shida 1. Ɗauki wurin da cikarsa ƙafa 2 ce, wato inci 24. Zai ragu da inci 2, sai 4, sai 6, sai 6, sai 4, sai 2. Rabin ruwan gaba ɗaya a awa biyun tsakiya yake tafiya. In ka kafe a awa ta uku ta ja, duk minti goma kana asarar inci guda. Jirgin da mutum biyu za su iya turawa yanzu, nan da rabin awa mutum shida ba za su motsa shi ba.

Saboda haka hukunci biyu ne. In ruwa cika yake yi, ka natsu, lokaci naka ne. Abin da za ka yi kawai shi ne ka jefa anka wajen zurfi, domin kada ruwa ya ɗaga ka iska kuma ta ƙara tura ka kan tudu. Wannan kuskure na sha ganinsa: mutum ya zauna yana jiran ruwa, ruwan ya zo, ya ɗauke shi taku ashirin ya sake ajiye shi a wuri mafi muni. In kuwa ruwa ja yake yi, kana da minti goma zuwa goma sha biyar na ƙoƙari na gaske. In suka wuce ba ka fita ba, ka daina wahalar da kanka da jirginka, ka shirya zama.

Mataki na huɗu: nemo inda zurfi yake

Mafi yawan lokaci hanyar da ka shigo ita ce hanyar fita, tunda a nan ne ka tabbata jirgi ya wuce yana yawo. In kana da na'urar taswira, layin da ka bi yana nan a kanta. Duk da haka ka zaga jirgi da sanda kana sokawa, gaba da baya da gefe biyu, kamar yadda mai fito yake yi da gorarsa a mashigin kogi. Sanda za ta gaya maka zurfi, ta kuma gaya maka irin ƙasar. Taɓo yana riƙe sanda, yashi yana da tauri, ɓawon kawa yana ƙaras-ƙaras.

Mataki na biyar: fitar da kanka

Fara da mai sauƙi. Kwashe mutane zuwa ɓangaren da bai kafe ba. In goshi ne ya hau, kowa ya koma baya. In baya ne ya zauna saboda nauyin inji, kowa ya koma gaba. A ƙaramin jirgi wannan kaɗai yakan isa. Ɗaga inji har farfela ta rage kaɗan a cikin ruwa, sa ribas a hankali, mutane su riƙa karkata dama da hagu tare domin laka ta saki gindin jirgi. Laka tsotsa take yi, girgizawa ce ke karya tsotson.

In bai yi ba, kashe inji, mutum ɗaya ko biyu su sauka su tura. Fitar mutum biyu kaɗai na iya ɗaga ƙaramin jirgi inci ɗaya ko biyu. Amma da sharuɗɗa. Inji a kashe, ba a furi ba. Takalmi a ƙafa, saboda ɓawon kawa yana yanka kamar reza, kuma a ruwan ɗumi na bazara akwai ƙwayar cutar Vibrio da ke shiga ta rauni, wadda ke da haɗari ƙwarai ga mai ciwon suga ko ciwon hanta. Mai buɗaɗɗen rauni kada ya sauka. A gwada ƙasa da sanda tukuna, domin akwai taɓon da zai haɗiye mutum har cinya. Wanda ya sauka ya riƙe igiya, saboda jirgi in ya saki yana iya tafiya ya bar shi. Daga ƙarshen kaka zuwa farkon bazarar can kuwa ruwan yana da sanyi kamar ƙanƙara, kada kowa ya shiga.

Dabara ta gaba ita ce ja da anka. Ka kai anka can wajen zurfi, iyakar tsawon igiyarka, ko da ƙaramin kwale-kwale ko ka ɗora ta kan rigunan ceto biyu ka tura. Kada ka taɓa yin iyo da anka a hannu ko ɗaure a jiki. In ta kama ƙasa, ku ja igiya daga cikin jirgi, ku bar ta a ɗame. Duk igiyar ruwan da ta zo ta ɗan ɗaga jirgi, ku ƙara ja. Tafiyar hawainiya ce, amma ita ce dabarar da ta fi fitar da mutane ba tare da an fasa komai ba.

Masu jirgin da iska ke turawa da ƙyalle nasu daban ne, domin akwai dogon ƙarfe mai nauyi a gindin jirginsu, shi ne ke cakewa. Maganinsa karkatar da jirgi gefe guda domin ƙarfen ya tashi daga ƙasa. A tura sandar ƙyallen waje, mutane su taru a gefen, mai ƙarfin hali ma ya rataya a kanta.

Mataki na shida: kiran taimako

A rediyon oba-oba na jirgi tasha ta 16 ce ta kira. In rai na cikin haɗari, ko jirgi na shan ruwan da ya fi ƙarfin famfo, ko igiyar ruwa na fyaɗa ku da ƙasa, ka ce "Mayday" sau uku, ka faɗi inda kake da yawan mutanenka. In matsala ce mai tsanani amma ba ta kai ga rai ba, kalmar ita ce "Pan-pan". In kuwa kafewa ce kawai a ruwa mai lafiya, ka kira dakarun tsaron gaɓar teku ka sanar da su a sauƙaƙe. Kada ka sa ran za su zo su ja ka. In ba haɗari, sukan haɗa ka da kamfanin ja, ko su yi shela ko akwai na kusa da zai taimaka.

Manyan kamfanonin ja biyu ne, TowBoatUS da Sea Tow. Mai rajistar shekara da su yakan tsira da aljihunsa, marar rajista kuwa ɗaruruwan daloli ne, wani lokaci fiye, domin ana lissafin awa tun daga tasowarsu har komawarsu. Kafin ka karɓi igiyar kowane mai ja don kuɗi, ka tambaye shi baki da baki: wannan ja ne ko ceto? A dokar teku abubuwa biyu ne mabambanta. Kuɗin ja na awa ne, ladan ceto kuwa ana danganta shi da darajar jirgin da aka tserar. A yi maganar kafin igiya ta ɗaure.

Mataki na bakwai: in masunci ya nufo ka

Sunan da masuntan Chesapeake ke kiran kansu da shi a Turance ma'anarsa mutanen ruwa. Kada Bahaushe ya tsorata, ba irin waɗancan ba ne, sarkawa ne kamar na Yawuri da Argungu, sai dai su kaguwa da kawa suka fi kamawa. Za ka gane jirginsu daga nesa: fari, dogo, ɗan ɗaki a gaba, baya a buɗe, gindinsa kusan a shimfiɗe domin ya bi inda naka ba zai bi ba. Irin wannan jirgi jihar Virginia ta ɗauka a matsayin jirginta na alfahari. Garuruwansu su ne irin su Crisfield da Tilghman da tsibirin Smith da tsibirin Tangier, wanda teku ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsa daga 1850 zuwa yau. Mutanen da ƙasarsu ke narkewa a gaban idonsu ba sa bukatar taswira ta gaya musu inda tudu ya koma bana.

Ni a kusa da tsibirin Smith na yi tawa. Ni da wani abokina ne a jirginsa mai ƙafa 22, ƙarshen watan Satumba, ina kan sitiyari. Na hango alama ta gaba, na ga kamar zagayawa ɓata lokaci ne, na yanke. Muka zauna. Na yi duk abin da na hana a sama, na danna ribas har laka ta yi baƙi ƙirin kewaye da mu. Can sai ga wani dattijo a farin jirgi, kwandunan kaguwa jere a bayansa. Bai matso ba, ya tsaya nesa kaɗan, ya sa hannu a wuya ya yi alamar yanka. Na kashe inji.

Na ce, "Kyaftin, sannu da aiki. Mun kafe."

Ya ce, "Na gani tun daga can. Ƙafa nawa kuke ci?"

Muka gaya masa. Ya dubi wani turke, ya dubi sama, ya ce mu koma goshi mu biyun, mu ɗaga inji gaba ɗaya, mu jefa anka ta bayan dama ba ta inda muka shigo ba. Ashe akwai ɗan kwari a wurin, wanda ba ya kan taswira. Sai ya zaga, ya wuce ta gefenmu da ɗan gudu, igiyar ruwan jirginsa ta zo ta ɗaga mu, ya daka tsawa mu ja. Sau uku ya yi haka. A na ukun muka ji jirgi ya yi sakayau. Igiyarsa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Ga abin da na koya game da karɓar irin wannan taimako. Kira shi Kyaftin, haka ake girmama su a can, ko jirginsa bai fi tabarma biyu ba. Faɗi gaskiya a taƙaice: zurfin da kake ci, ko kana shan ruwa, tun yaushe ka kafe. Kada ka ɗaga masa waya kana cewa ai taswira ta ce akwai ƙafa 4. Da ɗan gari akan ci gari. In ya ce ka jira ruwa, ka jira, ba rowar taimako yake yi ba, ya san jan jirgin da ya zauna sosai yana iya tsinke masa wutsiya ko ya karya ƙafar inji.

In ya yarda zai ja ka, a nan ne haɗari yake. Igiyar nailan tana miƙewa kamar roba, in ta tsinke ko ta tumɓuke maɗaurinta takan dawo da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Kada kowa ya tsaya a saitin igiya, a jirginka ko a nasa. Ɗaura ta a wuri mafi ƙarfi. A ƙaramin jirgi, zoben ƙarfen da ke ƙasan goshi, wanda ake jan jirgi da shi zuwa kan tirela, ya fi ƙananan maɗauran gefe da aka ɗaure da 'yan kusoshi. Kada ka naɗa igiya a hannu. Ku yi yarjejeniyar alamar tsayawa kafin a fara, tunda ƙarar injin dizal ba ta barin a ji magana. A ja a hankali, ba fizga ba. Ka ajiye wuƙa kusa.

Sai maganar kuɗi. Ka tuna mutumin nan tun kafin asuba ya fito, kaguwarsa rayayyiya ce, zafin rana na kashe ta, mai saye kuma na jiransa a tasha. Rabin awar da ya ba ka daga cikin abincinsa ya yanko. Ka miƙa, ka ce na mai ne. Da yawa za su ƙi. Wani ɓangaren al'ada ce, domin shi ma gobe injinsa na iya mutuwa wani ya jawo shi. Wani ɓangaren kuma doka ce, jan jirgi don kuɗi a Amurka sai da lasisi. Namu dattijon hannu kawai ya ɗaga ya juya. In ya ƙi, kada ka nace har abin ya zama raini. Ka tambayi inda yake sayar da kaguwarsa, ka je ka saya. Kuma daga ranar, in ka ga farin jirgi yana aiki, rage gudu ka ba shi fili, kada igiyar ruwanka ta kifar masa da kwando. Kada ka bi ta kan tulunan tarkonsa, igiyarsu na naɗe farfela, shi kuma ya yi asarar tarko. Kada ka ɗaga tarkon wani ko don kallo, laifi ne a doka, a wurinsu kuma sata ce tsagwaronta.

Wani abu da ya kamata ka sa a lissafi: tunda da duhu suke fita, da azahar yawancinsu sun koma gida. Ranar Lahadi kuma a tsibiran nan coci ake zuwa. Mai shaƙatawa ya fi kafewa da la'asar ɗin ƙarshen mako, daidai lokacin da ruwa ya zama ba kowa.

In zama ya kama

Anka wajen zurfi, igiya a ɗame. Rufe tagogi da duk wata kafa da ruwa zai iya bi. Mai jirgi mai ƙarfen gindi ya tabbata jirgin ya kwanta ta wajen tudu, ba ta wajen zurfi ba, in ba haka ba ruwa in ya dawo zai iya shiga ciki kafin ya ɗaga shi. A sa katifa ko matashi a inda gefen zai taɓa ƙasa in akwai ɓawo. Kira wani a gida ka gaya masa inda kuke da lokacin da kuke sa ran tashi. Lissafin mai sauƙi ne: in ka kafe awa biyu kafin ƙarshen ja, sai kimanin awa biyu bayansa ruwa zai dawo inda ya bar ka, wato awa huɗu, in iska ba ta yi gardama ba. Kashe abin da ke cin batir, amma in duhu ya yi kunna farar fitilar tsayuwa. Sauron fadama da ƙudajen da ke cizo za su zo gaisuwa da magariba, mai maganin shafawa shi ne sarki a jirgin.

Bayan ka fita

Kada ka taka gudu nan take. Sauke inji, tayar da shi, ka ga ruwan sanyayawa na fita da ƙarfi kuma garau. Jirgi mai inji a ciki, buɗe matatar ruwa ka zubar da yashi. Ƙara gudu kaɗan-kaɗan kana saurare. In sitiyari ya yi tauri ko jirgi na karkarwa, farfela ko sandarta ta lanƙwashe, ka lallaɓa zuwa tasha mafi kusa. Leƙa ƙasan daɓe sau biyu ko uku a hanya. In bugun ya yi ƙarfi, a fitar da jirgin tudu a duba gindinsa kafin fita ta gaba. Dokar Amurka ta ce in ɓarna ta kai dala 2,000 sai an kai rahoto ga hukumar jiha cikin kwana 10, in kuma akwai mutuwa ko raunin da ya wuce taimakon gaggawa, cikin awa 48.

Ka sa alama a na'urar taswirarka daidai inda ka zauna, ka rubuta kwanan wata da awa da yanayin iska. In wata alamar hanya ce ta gusa ko ta ɓace, ka sanar da dakarun gaɓar teku a rediyo, su ne ke kula da alamomin, za su kuma yi wa sauran jirage shela.